Tambaya da Amsa: Da gaske gwamnati na raba sola kyauta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ni malamar firamare ce, gidanmu ɗaki uku da falo. Kuɗin wuta da na man janareta sun fi ƙarfin albashina da na maigidan. An turo saƙo a zauren WhatsApp na makarantarmu wai gwamnatin tarayya na bai wa magidanta tallafin sola kyauta, a cike fom, a sa lambar BVN, a biya naira 5,000 kuɗin rajista. Gaskiya ne? In ba gaskiya ba ne, akwai wani tallafi na haƙiƙa da irina za ta iya samu? Daga wata Malama, Hotoro, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Kada ki biya ko sisi, kuma kada ki ba kowa BVN ɗinki. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk tallafin da za a ce sai kin fara tura kuɗi asusun wani kafin a duba sunanki, aikin 'yan damfara ne. Ki faɗa wa abokan aikinki ma, tun kafin albashi ya shigo su yi rububin cike fom.

Tallafin dai akwai shi, amma ba ta hannun magidanci yake bi ba. Hukumar samar da lantarki a karkara, REA, ita ke riƙe da mafi yawansa. Shirinta na kai wuta mai suna NEP ya samu dala miliyan 350 daga Bankin Duniya da miliyan 200 daga Bankin Raya Afirka. A Disambar 2023 Bankin Duniya ya sake amincewa da dala miliyan 750 domin wani sabon shiri mai suna DARES, da burin kai wuta ga mutum miliyan 17.5. Yadda kuɗin ke fita shi ne: kamfanin da hukumar ta tantance zai je ya kafa wa mutane sola a gida, ko ya gina ƙaramar tashar sola a ƙauye, a zo a tabbatar ya yi aikin, sannan a biya shi wani kaso. Ke abin da zai iso gare ki shi ne sauƙin farashi, ko damar biya sannu a hankali. Kuma an fi karkata ga garuruwan da turakun wuta ba su kai ba ko waɗanda wutar ba ta zama, don haka mazauna tsakiyar birni ba su ne a sahun gaba ba. Shirin Solar Power Naija na 2020, wanda aka ce zai haɗa gidaje miliyan 5, shi ma rance ne ga kamfanoni, mai gida kuma ya biya. Akwai kuma CREDICORP da aka kafa a 2024, wadda ke taimaka wa ma'aikata su sayi kaya irin su sola a kan bashi ta hannun bankuna. Bashi ne, Malama, ana biya, kuma ki tambayi abin da za a ɗora a kai kafin ki sa hannu.

To, bari mu dawo cikin gidanki, don a nan ne nake ganin kuɗinki ke zurarewa. Kusan duk wanda ya kira ni in auna masa sola, sai na tarar rabin abin da yake son saya domin ciyar da kayan da ya kamata ya yar ne. Sa sola a irin wannan gida zuba ruwa ne a rariya.

Ɗauki biro mu yi lissafi. Tsohon ƙwan fitila mai zare yana jan wat 60, na LED mai haske daidai da shi wat 9. In kina da ƙwai goma da ke kunne awa shida a rana, tsofaffin za su ci yunit 3.6, sababbin kuma rabin yunit da ɗan ɗoriya. Bambancin ya haura yunit 90 a wata. Tun da hukumar kula da lantarki, NERC, ta ɗaga kuɗin yunit na 'yan Band A, wato layukan da aka fi ba wuta, zuwa naira 225 a Afrilun 2024, kafin daga baya a ɗan sassauta, ba a yi wa yunit kallon raini. Ko a naira 200 kika lissafa, naira 18,000 ke nan duk wata daga ƙwai kaɗai. In layinku ba Band A ba ne kuɗin zai ragu, amma janaretarki ba ta san wani Band ba, mai kawai take sha.

Fankar sama ta gama-gari tana jan wajen wat 70, mai aiki da DC, wato irin wutar batir, kuwa wajen 30, kuma ita ce ke kai wa asuba a kan batir. Dutsen guga, hitar dafa ruwa da risho na lantarki kowanne ya kai wat 1,000 ko fiye. Waɗannan ki bar su sai an kawo wuta, kada ki taɓa lissafa su cikin sola. Firji kuma ki gwada shi da takarda: ki maƙala ta a bakin ƙofa ki rufe, in ta zare ba gardama robar ta mutu, injin yana ta aiki dare da rana a banza. Canjin roba ba ya kai kuɗin firji.

Sai zafi, wanda shi ne uban kashe kuɗi a Kano daga Maris zuwa Mayu. Kakanninmu da suka yi gini da tubali suka rufe da azara da ƙasa sun fi mu sanin garin nan. Mu muka zo da bulo da kwano, wasu ma ba silin, muka koma neman AC. Gwamnati ta fitar da ƙa'idar gini mai tattalin makamashi tun 2017, amma ban taɓa jin magini ya ambace ta a bakin aiki ba, kuma ba ta zo da kuɗin gyaran tsohon gida ba. Abin da za ki iya da aljihunki: in ba silin a sa, a bar ƙofofin iska tsakanin silin da kwano don zafin ya samu mafita, a shafa wa kwanon farin fenti, tagar da ke kallon yamma a yi mata rumfa ko a dasa darbejiya ɗan nesa da bango. In kuma har yanzu kuɗin ƙiyasi ake kawo muku, neman mita ya riga komai, don wanda ba shi da mita ko ya rage shan wuta takardar ba za ta nuna ba. Bayan duk wannan ne za ki kira mai sola, kuma ki nemi ya rubuta miki irin batirin da shekarun garantinsa.

TAMBAYA: Injiniya barka da aiki. Ina zaune da iyali a gidan haya a Bradford. Sanyi ya ishe mu, bango na tsatsafar da danshi, kuɗin gas kuma ba magana. Wasu sun ƙwanƙwasa ƙofa sun ce za su lulluɓe mana bango da abin riƙe ɗumi kyauta da kuɗin gwamnati. In yarda? Daga wani ɗalibi, Ingila.

AMSA: Barka kadai ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. Ku naku tallafin na gyaran gida ne kai tsaye. Akwai Warm Homes: Local Grant da ƙananan hukumomin Ingila ke gudanarwa tun 2025, ga gidajen da kuɗin shigarsu bai wuce fam 36,000 a shekara ba kuma takardar EPC ta gidan tana tsakanin D da G. Wannan takarda ita ke nuna yadda gida ke riƙe ɗumi, daga A mafi kyau zuwa G, kuma za ka ga ta gidanku a shafin gwamnati da lambar unguwarku kawai. Fam 7,500 na Boiler Upgrade Scheme da kake ji, na mai gida ne da zai canza tukunyar gas ta ɗumama gida zuwa na'urar heat pump mai aiki da lantarki, ba na ɗan haya ba.

Kai ɗan haya ne, don haka ba a taɓa bango sai da izinin mai gidan. Amma doka na bayanka: tun Afrilun 2020 ba a yarda a ba da hayar gidan da ya gaza matakin E ba, sai in an yi masa rajistar keɓewa. Danshin nan ka ɗauki hotonsa ka rubuta wa mai gidan, kada ka tsaya ga waya. In ya yi biris ka kai wa ƙaramar hukuma. Ba abin wasa ba ne ga yara, don irinsa ne ya yi ajalin Awaab Ishak, yaro ɗan shekara biyu, a Rochdale a 2020.

Masu ƙwanƙwasa ƙofa kuwa ka sallame su da girmamawa. A Oktoban 2025 ofishin binciken kuɗin gwamnatin Birtaniya ya gano cewa kashi 98 cikin 100 na gidajen da aka lulluɓe wa bango ta waje a ƙarƙashin shirye-shiryen tallafi na gwamnati, ECO4 da GBIS, na buƙatar gyara, kuma danshi na cikin abin da mugun aikin ke jawowa. Ka nemi tallafin ta shafin gwamnati ko na ƙaramar hukumarku. Da yake bizar karatu kan hana cin wasu tallafin gwamnati, ka nuna wa ofishin ba ɗalibai shawara na jami'arku sharaɗin bizarka kafin ka cike kowane fom.