Amsa: Ko daidai ne mutum-mutumi ya ɗebe wa tsohuwa kewa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko laifi ne a ba tsohuwa mai ciwon mantuwa mutum-mutumi ya riƙa ɗebe mata kewa. Ni dai ban ga laifi kai tsaye ba, amma da sauran magana.

Ka duba Paro, wani mutum-mutumi mai siffar jaririn wata dabbar teku (seal), wanda Takanori Shibata ya ƙera a Japan. Gashinsa fari ne mai laushi, in ka shafa shi sai ya lumshe ido, ya ɗan yi kuka kamar jariri. A gidajen kula da tsofaffi an ga masu firgici suna natsuwa in sun rungume shi. Wannan alheri ne, ba musu.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, tsohuwar ƙauna ta gaskiya take ba shi, shi kuwa ko a jikinsa. Tun 1966 masanin kwamfuta Joseph Weizenbaum ya ga haka da ELIZA, manhajarsa mai hira da mutane a rubuce: mutane suka riƙa zube mata sirrinsu, alhali sun san kwamfuta ce. Mai cikakken hankali ma ya ruɗu, balle wadda tunaninta ya raunana.

A ba ta, amma kada a ce mata mai rai ne, kuma kada 'ya'yanta su rage zuwa gaishe ta. In kuma na'urar na naɗar murya, a bincika wa ke sauraro.