Tambaya da Amsa: Wace kyamara da wane gilashi suka dace da hoto ɗaya kullum har wata guda?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Kano, kuma ni da wasu abokaina mun ƙudurta cewa a watan Disamba kowannenmu zai riƙa ɗaukar hoto ɗaya a kowace rana, ba fashi, mu tura wa juna kafin a kwanta. Ina da Nikon D3500 wadda na saya ta hannu, tare da gilashin 18-55mm da ya zo da ita. Yayana ya ce zai ara mini babbar kyamararsa ta aiki da gilashin 70-200mm, sannan ina da ɗan kuɗin da zai sayi gilashi ɗaya. Wanne ya fi dacewa in riƙe?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ka gode wa yayanka, ka bar masa kayansa, ka riƙe kyamarar da kake da ita. Abin da ke kayar da masu irin wannan ƙuduri ba ƙarancin ingancin hoto ba ne, ranar da mutum ya fita ya bar kyamara a gida ce, domin daga wannan rana sai uzuri ya fara bin uzuri. Gilashin 70-200mm mai buɗin f/2.8 (lambar f tana nuna girman ƙofar da haske ke shiga ta cikin gilashi, ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa) shi kaɗai ya kusa kilo ɗaya da rabi, ga nauyin jikin kyamarar a kai, kuma ba wanda zai rataya wannan kaya ya shiga adaidaita sahu zuwa makaranta kwana talatin da ɗaya a jere. Wannan gilashi an yi shi ne domin abin da ke nesa, kamar hawan sallah ko filin ƙwallo. Ita kuwa D3500, wadda ta fito a shekarar 2018, nauyinta da batir da katin memori bai wuce giram 415 ba, tana da megafiksel 24, kuma kamfanin ya ƙiyasta cewa caji ɗaya yana ɗaukar hoto wajen 1,550, wanda ba ƙaramin alheri ba ne ga wanda ba kullum yake samun wuta ba.

Maganar gilashi ita ce ta fi buƙatar bayani. Shawarata ita ce ka sayi gilashi mai tsayayyen tsawo, wato wanda ba ya jawo nesa kusa, ka ɗaura shi ranar 1 ga wata, kada ka cire shi sai wata ya ƙare. Amma kafin ka zaɓi lamba, ka san cewa sansar kyamararka, wato farantin da ke karɓar haske a cikinta, ta fi ta babbar kyamara ƙanƙanta, saboda haka lambar mm da aka rubuta a jikin gilashi, wato tsawonsa, sai ka ninka ta da 1.5 kafin ka san faɗin abin da za ka gani. Masu Canon irin wannan aji su ninka da 1.6. Ke nan gilashin 50mm, wanda kowa ke yabawa saboda araharsa, a kan kyamararka zai yi aiki kamar 75mm: yana da kyau ƙwarai wajen ɗaukar fuskar mutum, amma a cikin ɗaki ko a lungunan Kasuwar Kurmi za ka yi ta ja da baya har bayanka ya taɓa bango ba ka shigar da abin da kake so ba. Wanda ya dace da kai shi ne AF-S DX 35mm f/1.8G, mai nauyin giram 200 ko kusa da haka, domin a kyamararka yana ba da faɗin kusan 52mm. Da irin wannan faɗi ne Henri Cartier-Bresson, shahararren mai ɗaukar hoto ɗan ƙasar Faransa, ya yi mafi yawan aikinsa da kyamarar Leica. Faɗi ne da ke ɗaukar mutum tare da sana'arsa, kamar marini a bakin karofi a Ƙofar Mata ko mai shayi da teburinsa, ba tare da ya lanƙwasa fuska ko ya matse wuri ba.

Dalili na biyu shi ne haske. Gilashinka na 18-55mm yana buɗewa zuwa f/3.5 ne idan yana kan 18mm, amma da ka murɗa shi zuwa 55mm sai buɗin ya ragu zuwa f/5.6. Buɗin f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na f/5.6. Wannan bambanci zai yi maka rana, domin a cikin wata guda dole akwai ranakun da karatu zai cinye yininka, sai bayan magariba ka tuna ba ka ɗauki komai ba. A irin wannan lokaci, da f/1.8 da ISO 1600 (ma'aunin ƙarfin karɓar haske na sansa) da saurin shata na 1/60 na daƙiƙa (tsawon lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga) za ka iya ɗaukar mai tsire a hasken fitilarsa da hannu kawai, ba filasha, ba ƙafar ɗora kyamara.

Akwai kuma dalilin da ya shafi watan da kuka zaɓa. Disamba tsakiyar hunturu ne, iska cike take da ƙura, kuma duk lokacin da ka cire gilashi a waje ka buɗe wa ƙurar hanya zuwa cikin kyamara, daga baya ka ga ɗige-ɗigen baƙi a sararin samaniyar kowane hoto. Gilashi ɗaya da ba a cirewa ya rage wannan matsala sosai. Ka nemi ɗan famfon roba na hura iska, ka riƙa hure gaban gilashin kafin ka goge shi, domin goge ƙura da gefen riga karce shi yake yi. Shi hazon kansa kuma ba abin gudu ba ne, yana tausasa hasken safiya da na la'asar ta yadda za ka samu hotunan da ba sa samuwa a bazara.

Kada ka biya kuɗi tukuna. Ka tsayar da gilashinka na yanzu a kan 35mm, ka manna ɗan salatif don kada ya murɗe, ka yi yawo da shi kwana biyu ko uku, sannan ka gwada 24mm haka nan. Idan ka ga idonka ya fi son faɗin 24mm, to ka bar shi a manne a wurin har ƙarshen wata, ka adana kuɗinka. Idan kuwa za ka sayi na hannu, ka haska tocila ta cikinsa ka duba ko akwai fumfuna ko hazo, kuma ka tabbata an rubuta AF-S ko AF-P a jikinsa, alamar yana da injin saita kaifin hoto a cikinsa. Tsofaffin gilasan Nikon irin 50mm f/1.8D suna da araha, amma D3500 ba ta da injin da ke juya su, saboda haka da hannu za ka riƙa saita kaifin hoto. Ka kuma tuna cewa gajeren gilashi zai tilasta maka matsawa kusa da mutane, don haka sallama da neman izini, musamman ga mata da dattawa, suna cikin aikin.

Tambaya: Ni daga Maraɗi nake, kuma ba ni da kyamara sai wayar hannu. Ko zan iya shiga irin wannan ƙuduri?

Amsa: Ƙwarai kuwa, Malama, har ma kin fi masu kyamara sauƙi ta fuskar ɗauka, tunda wayar ba ta rabuwa da ke. Babbar kyamarar bayan yawancin wayoyi tana da faɗi tsakanin 24mm da 28mm, shi ya sa idan kika kusanci fuska da yawa hanci yake girma, kunnuwa su ja baya. Ki ɗan matsa baya ki shigar da kafaɗu da abin da ke kewaye. Ki guji jawo hoto da yatsu biyu, domin a wayar da ba ta da gilashin nesa na daban yanka hoton kawai ake yi a faɗaɗa shi, ingancinsa ya ragu. Ki riƙa goge gilashin kafin ɗauka, ki taɓa allon a kan abin da kike nufi, ki rage hasken kaɗan idan rana ta take. Idan za ki tura wa abokan ƙudurinki ta WhatsApp, ki tura a matsayin fayil ba a matsayin hoto ba, domin manhajar tana matse hoto ta rage masa kaifi, sannan ki ajiye na asali a babban fayil guda mai kwanan wata, yadda a ƙarshen wata za ki jera su ki gani.