Tambaya da Amsa: Gilashi na Biyu a Tagar Tsohon Gida

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ne mai kula da wani tsohon gidan gado a Gidadawa, cikin birnin Sakkwato, inda muka ware ɗaki guda muka jera littattafan kakanninmu na Larabci da Ajami, da gafakoki, da wata tsohuwar alkyabba, domin baƙi su gani. Na lura jar gafakar da ke daura da taga ta koɗe. Wani ya ce mu cire tagogin katakon mu sa na alminiyam, wani kuma ya ce a ƙara gilashi daga ciki. Wanne ya fi? Daga wani mai karatu, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Shawara ta biyu ita ce tawa, domin tagar da kakanninku suka kafa ita ma kayan tarihi ce, kuma ranar da aka sare ta babu kafintan da zai dawo da ita. A Ingila, inda doka ta hana canza tagogin gine-ginen tarihi sai da izini, gidajen adana kayan tarihi sun daɗe da wannan dabara: a bar tsohuwar taga yadda take, a kafa firam mai gilashi daga ciki, wanda za a iya kwancewa ba tare da an ji wa bango rauni ba.

Abin da ya cinye launin gafakarku haske ne, musamman ɓangarensa da ido ba ya gani, wanda masana ke kira altrabayolet, kuma gilashin da aka saba sayarwa a kasuwa yana barin mafi yawansa ya wuce. Ku nemi gilashi mai falle biyu da aka manne da siririyar roba a tsakani, irin na gaban mota, wanda kaurinsa yakan kai milimita 6.4, domin yana tare kusan kashi 99 cikin 100 na wannan haske. Sai dai hasken da ido ke gani shi ma yana koɗar da rini, kuma ɓarnarsa taruwa take yi kullum, ba ta komawa. Shi ya sa masu kula da kayan tarihi ke ƙayyade hasken da ke sauka kan takarda da tufa a luks 50 (luks ma'aunin ƙarfin haske ne), wato dishi-dishi, gwargwadon yadda mutum zai iya karanta layi. Labule mai kauri ya zama dole, gafakar kuma a janye ta daga bakin taga tun yau.

Ƙurar hunturu kuwa, wadda ke kwanciya tsakanin warƙoƙi tana kankare tawada, gilashin ciki zai rage ta matuƙa idan an toshe gefensa da kyau.

Inda nake so ku yi hattara shi ne zafi. Turawa sun ƙirƙiro dabarar ce don riƙe ɗumi a cikin ɗaki, mu kuwa a Afrilu da Mayu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40, saboda haka tagar da ke fuskantar yamma tana buƙatar rumfa ko asabari daga waje kafin a yi maganar gilashi. Ginin ƙasa kuma yana shan laima yana saki, kuma wannan hali nasa ne ya raya littattafanku tsawon zamani, don haka kada magini ya liƙe firam ɗin da siminti, kada kuma a toshe kowace kafar iska. Idan kun sa na'urar sanyaya ɗaki, to a watan Agusta ku riƙa duba tsakanin tagogin biyu, domin raɓa takan taru a bayan gilashin ta jawo fumfuna da gara. Firam mai buɗewa ya fi, don a riƙa gogewa.

Kafin ku kira kafinta, ku je Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, wadda ke riƙe da ɗimbin rubuce-rubucen Daular Usmaniyya, ku roƙi ma'aikatanta su zo su ga ɗakin da idonsu.