Biki, waƙe da ɗiyan waƙa: amsa ga masu shirya bikin adabi

Tambayoyin wannan karon sun zo ne daga masu shirya bikin adabi na shekara-shekara a ƙananan garuruwan Kabi da Zamfara. Na tsinci huɗu daga ciki.

Wani malamin firamare daga Talatar Mafara ya ce: "Malam, gardama ta kaure a kwamitinmu. Biki za mu rubuta a takardar sanarwa ko buki? Wasu ma cewa suke a sa gasa."

Biki da buki duk Hausa ne, jam'insu ma ɗaya, bukukuwa. Buki ya fi yawo a bakin mutanen yamma, biki kuma shi ya zauna a daidaitacciyar Hausa. Ku rubuta biki a takardar da za ta je makarantu, mai shela ya faɗi buki a kasuwa, ba wanda ya yi kuskure.

Gasa dai ɓangare ce a cikin biki. Ku dubi Argungu: ana kwanaki ana shagali, amma kamun kifin kansa bai fi awa guda ba. Idan kun rubuta gasa kawai, tsohuwa mai tatsuniya da dattijo mai tarihin gari za su ɗauka ba da su ake ba.

Kalmar tana da wata ma'ana da mata suka fi riƙewa. Biki shi ne gudummawar da ake kai wa mai sha'ani, wadda ake ramawa idan na mai kaiwa ya tashi. Saboda haka in garin maƙwabta sun turo muku mawaƙa bana, ku rubuta a littafi, bashi ne.

Wata ɗaliba daga Jega ta ce: "Malam, waƙa ko waƙe? Kuma an ce kada kowa ya wuce baiti goma, sai wani makaɗi ya ce shi bai san baiti ba."

Makaɗin nan ya fi kwamitin gaskiya, 'yata.

A ƙasar Sakkwato da Gwandu, waƙe shi ne wanda malami ya rubuta, galibi na wa'azi ko madahu (yabon Annabi) ko ilmi, ana rera shi ba kiɗa. Waƙa kuwa ta haɗe duka, har da ta makaɗa. Shi ya sa manazarta suka raba gida biyu, rubutacciyar waƙa da waƙar baka, kuma kowace da ma'auninta.

A rubutacciya, layi ɗaya shi ne ɗango, tarin ɗangwaye shi ne baiti. Baiti mai ɗango biyu ƙwar biyu ne, mai biyar ƙwar biyar. Mutane kan kira duk ƙwar biyar tahamisi, amma asalin tahamisi shi ne ka ɗauki ƙwar biyun wani ka ɗora ɗango uku a kan kowane baiti, naka a sama, nasa a ƙasa. Sai amsa-amo, wato ƙafiya: babba shi ne sautin da ke rufe kowane baiti tun daga farkon waƙa har ƙarshenta, ƙarami shi ne wanda ɗangwayen cikin baiti suke tarayya a kansa, yana iya canzawa daga baiti zuwa baiti. Sai kari, wanda ake aunawa da jerin gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi.

Waƙar baka ba a kan wannan aka gina ta ba. Tana da gindi, wanda 'yan amshi suke komawa gare shi, tana da ɗiya, wato zantukan da jagora yake jerowa tsakanin gindi da gindi. Ɗa ɗaya na iya zama gajere, na bayansa ya ninka shi uku. Duk wanda ya saurari kiɗan kotson Narambaɗa ko na Musa Ɗanƙwairo Maradun ya san ba a ƙirga musu layi. Ɗiyan ma ba su da adadi tsayayye, domin makaɗi na hango wani mai kyauta ya shigo fili, nan take ya haifi sabon ɗa.

To ga yadda ake kauce wa rikici. A raba rukuni biyu, kowanne da takardar makinsa. Marubuta a iyakance su da baiti, su kawo rubutun mako biyu kafin ranar, kwafi uku don alƙalai uku, da boko ko da ajami. Baiti goma na ƙwar biyar kan ci wajen minti biyar a rerawa. Makaɗa a iyakance su da agogo, a ce minti bakwai, a sa mutum guda da tuta yana nuna wa jagora saura minti ɗaya. A hana liƙi har sai an sauka. Idan aka haɗa su a takarda ɗaya, makaɗi zai faɗi a kan ƙafiyar da bai taɓa yin alkawarinta ba, marubuci kuma ganga za ta danne shi, don jama'a kiɗa suke yi wa tafi.

Alƙalai su yi hattara da gyaran karin harshe. Basakkwace ya rubuta "yat tahi", alƙali ya mayar "ya tafi", yana ganin ya yi gyara. Gaɓar "yat" mai nauyi ce, "ya" ɗin nan kuwa marar nauyi, ke nan alƙali ne ya karya karin da hannunsa, sannan ya rage wa mai waƙa maki.

Kuma don Allah a duba ƙugiya kafin a kai wa mai buga takarda. Waƙe in ya rasa lanƙwasar ƙ ya koma wake, sai a wayi gari an manna sanarwar gasar abokin shinkafa a ƙofar fada.

Wani daga Gummi ya tambayi ma'anar "Bikin farar kaza, balbela ba gayya."

Kaza fara, balbela fara, ai 'yan gida ɗaya ne a ido. Ma'anar ita ce wanda sha'ani ya shafa ba ya jiran a kira shi. Gayya a nan ita ce gayyata, irin ta aikin gayya a gona, ba "da gayya" ta ganganci ba. Marubucin gari zai iya faɗin wannan karin maganar game da kansa idan ya zo ba a aika masa ba. Amma ba ta dace a bakin kwamiti ba. Makaɗi mai 'yan amshi shida da sanƙira, wato maroƙin da ke biye da shi, sai an kai masa goro, an yi maganar mota da masauki.

Wani sakataren ƙungiyar marubuta daga Yawuri ya ce: "Mun hana zambo, sai wani ya hau ya yi wa wani mai unguwa tatas, ya ce habaici ya yi."

Bambancin yana wajen gane mutum. Zambo muzantawa ne kai tsaye: a kama suna, ko a siffanta mutum da kamanninsa, tafiyarsa, haƙoransa, har kowa a fili ya waiwaya ya dube shi. Habaici jifa ne a kasuwa. Ba suna, ba siffar da ta keɓanta da mutum ɗaya, hali ake suka, mai shi ya ji a jikinsa. Shi ya sa ake cewa kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, a ɗaya gefen kuma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Gwajin mai sauƙi ne. Idan mutanen fili sun juya gefe ɗaya a tare, zambo ne, ko da ba a ambaci suna ba. A ƙaramin gari, "mai jan babur na bakin masallaci" suna ne cikakke. Ku rubuta dokar da wannan lafazi: ba suna, ba laƙabi, ba siffar da ke nuna mutum ɗaya. Waƙar marubuta za ku gan ta a takarda tun mako biyu kafin ranar. Makaɗa kuwa sai a gaya wa jagora dokar baki da baki, a gaban sarkin makaɗan garin.