An Canza Min Maganin Tsinka Jini, In Sha Ko In Mayar?

Ga tambayoyin da mutane daban-daban suka yi kan magungunan tsinka jini, kowace da amsarta a ƙasa.

Mahaifina yana da shekara 74, yana shan warfarin shekara biyar saboda bugun zuciyarsa ba ya tafiya daidai. Wannan watan an ba mu na wani kamfani daban, ko launin ƙwayar bai yi kama da na da ba. Kwana biyu ban ba shi ba, tsoro nake ji.

'Yar'uwa, tsoronki na mai kula ne, Allah Ya saka miki. Amma kwana biyun nan ya isa haka. Yau ɗin nan ki kira likitansa ko mai harhaɗa magungunan da ya ba ku, ki gaya masa kwana nawa Baba ya yi bai sha ba. Kada ki haɗa masa na kwanakin da suka wuce ki ba shi lokaci guda.

Abin da aka ba ku shi ake kira jenarik: sinadari ɗaya, ƙarfi ɗaya, kamfani ne kawai ya bambanta. Kafin hukumar magunguna ta amince da irinsa, sai an nuna cewa yawan abin da ke shiga jini bai kauce wa na asalin ba, kuma iyakar da aka saba sawa ita ce tsakanin kashi 80 zuwa 125 cikin ɗari. Magungunan da ratar da ke tsakanin amfaninsu da cutarwarsu ƙarama ce, wasu hukumomi sun ƙara matse musu iyakar, a Tarayyar Turai ta koma 90 zuwa 111. Warfarin ɗin kirki na wani kamfani zai yi wa Baba aiki kamar na da.

Sai dai warfarin ba ya son wasa, saboda haka a yi masa gwajin INR, wato gwajin da ke auna tsawon lokacin da jini ke ɗauka kafin ya daskare, cikin mako ɗaya ko biyu bayan canjin. Mai irin ciwonsa akan so INR ɗinsa ya zauna tsakanin 2 da 3. In ya zauna, ki riƙe wannan kamfanin, kada kowane wata a ɗauko na wani.

Maganar launi kuwa, nan ne mutane ke faɗawa rami. A Amurka warfarin mai ruwan hoda miligiram 1 ne. A Ingila mai ruwan hoda miligiram 5 ne. Shuɗi a Amurka 4 ne, a Ingila 3. Wanda ya saba da "sha hoda guda biyu" in kwalin wata ƙasa ya faɗo hannunsa zai iya shan ninki biyar na abin da aka rubuta masa. Ki karanta lambar miligiram a jikin kwali da jikin kati, ki manta da launi. Sannan ki kawar da ragowar tsohon daga inda Baba ke ajiye magani. Tsofaffi da yawa kan ga suna biyu a kwali biyu, Coumadin (sunan da wani kamfani ya sa wa warfarin ɗinsa) a ɗaya, warfarin a ɗaya, su ɗauka magunguna biyu ne, su sha duka.

Apixaban ya yi min tsada. Tunda aspirin ma yana tsinka jini, ba sai in koma kansa ba? Ko in riƙa shan ɗaya a rana maimakon biyu?

Malam, duka biyun a'a. Aspirin da clopidogrel suna hana ƙananan ƙwayoyin jini mannewa da juna ne. Apixaban sinadarin daskarewar jinin yake toshewa. Sunan "tsinka jini" ne ya haɗa su a bakin mutane, aikinsu daban. Shi kuma apixaban cikin kimanin awa 12 rabinsa ya bar jiki, shi ya sa aka ce safe da dare. Ɗaya a rana ba tanadi ba ne, kana biyan kuɗi kana kwana ba kariya. In tsadar ta fi ƙarfinka ka gaya wa likita ƙarara. Akwai apixaban jenarik, akwai kuma warfarin da ya fi duka araha in za ka jure zuwa gwaji.

Na samu mai sayar da rivaroxaban a intanet a kan kashi ɗaya bisa huɗu na kuɗin da nake biya. Ya ce daga masana'anta yake ɗaukowa, shi ya sa babu kwali, a leda yake turowa. Ai jenarik ne ko?

Ɗan'uwa, ka zauna, wannan tana buƙatar dogon bayani. Jenarik daban, jabu daban, kuma masu jabu da sunan jenarik suke fakewa domin sun san mutane sun fara yarda da shi. Jenarik yana da uba: sunan kamfanin da ya yi shi, adireshinsa, lambar rajistar hukumar magunguna, lambar rukunin da aka sarrafa, ranar yi da ranar lalacewa, da takardar bayani a cikin kwali. Ƙwayar da ta zo tsirara a leda ba ta da ko ɗaya. Babu masana'antar kirki da ke miƙa wa wani mutum ƙwayoyi ya ƙulla a leda ya sayar ta waya.

A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin goma na magunguna a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki jabu ne ko marasa inganci. Mutane na jin wannan su kaɗa kai su wuce, domin sun saba da jabun maganin ciwon kai: ka sha, kan bai daina ba, ka gane an cuce ka, ka sayi wani. Maganin tsinka jini ba ya ba da wannan damar. Ba ka jin aikinsa a jikinka, ba ka jin rashinsa. Wanda ke shan gari da aka murza aka yi wa fenti garau zai ji kansa, har ranar da gudan jini ya tashi daga zuciya ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, baki ya karkace, ɓarin jiki ya shanye. Ranar ce zai san me ya saya.

Abin ya fi muni ga masu shan sababbin magungunan. Mai warfarin yana da ɗan sanda, wato INR: in ƙwayar fanko ce gwaji zai tona ta. Rivaroxaban da apixaban ba a yi musu gwajin wata-wata, INR ba ya auna su yadda za a dogara da shi, kuma gwajin da ke auna su ba a kowane asibiti ake samunsa ba. Ashe duk amincin yana wuyan wurin da ka saya.

Jabu kuma ba kullum fanko ba ne. Wani sinadarin cikinsa ya gaza, wani ya zarce, wani wani abu daban aka zuba. A 2008 an gurɓata heparin, wani maganin tsinka jini na allura, da wani sinadari mai kama da shi, mai araha, wanda ya tsallake gwajin da ake yi a lokacin, mutane suka mutu a Amurka. Wancan ta hanyar da hukuma ke sa wa ido ya bi, duk da haka ya wuce. To ina ga na leda?

Abin da za ka yi ba wuya. Ka saya a kantin magani mai lasisi, wanda ke neman takardar likita kafin ya ba ka. Wanda bai nema ba, ka yi zargi. Ka gwada lambar rukuni da ranar lalacewa na jikin kwali da na jikin kati, dole su zo ɗaya. Ka duba rubutu: harafin da ya ɓace, tawadar da ke gogewa da yatsa, sitikar da aka liƙa a kan ranar lalacewa. Ƙwayoyin kati ɗaya su zama girma ɗaya, launi ɗaya, ba mai ɓarɓashi. Ka karɓi rasit, ka ɗauki hoton kwalin ka ajiye. Jenarik na gaskiya yakan yi araha sosai, wannan ba abin mamaki ba ne, domin kamfaninsa bai kashe kuɗin binciken farko ba. Amma arahar da ta yi ƙasa da na kowane kanti mai lasisi, araha ce da ba ta ado. Kuma idan ka samu na gaskiyar, ka tuna rivaroxaban mai miligiram 15 da 20 tare da abinci ake shansa, in ba haka ba jiki ba ya ɗaukar sa duka.

An sa min bawul ɗin ƙarfe a zuciya. Na gaji da zuwa gwajin INR, ina so in koma sabon maganin da ba a gwaji.

Hajiya, gajiyar a fili take, sannu. Amma ki haƙura da warfarin. An gwada dabigatran, ɗaya daga cikin sababbin magungunan, a kan masu bawul ɗin ƙarfe, aka tsayar da binciken tun bai ƙare ba domin gudan jini da zubar jini duk sun ƙaru. Wannan ba canjin kamfani ba ne, canjin magani ne ɗungurungum, kuma ba a yi wa masu irin bawul ɗinki. Ki tambayi likita ko za a iya tsawaita tazarar gwajin in INR ɗinki ya daɗe a zaune. Duk wanda zai rubuta miki metronidazole, fluconazole ko co-trimoxazole ki gaya masa kina shan warfarin, domin suna ɗaga INR. Rifampicin kuma saukar da shi yake yi. Ibuprofen da diclofenac ki nisance su. Baƙin bayan gida kamar kwalta, jini a fitsari, haɓon da ya wuce minti goma bai tsaya ba, ko buguwa a ka ko da babu rauni, duk na asibiti ne nan take.

Sabon dabigatran ɗina kafso ne babba. Zan iya buɗe shi in zuba a ruwa, ko in jera na mako guda a ɗan akwatin magani?

Kada ka buɗe, kada ka tauna. In aka cire ɓawon, abin da ke shiga jini na iya ƙaruwa da kusan kashi 75 cikin ɗari. Akwatin mako ma ba nasa ba ne, domin laima na lalata shi. Ka bar shi a katinsa ko kwalbarsa sai lokacin sha. In haɗiyar ce ke ba ka wuya, ka koma wa likita, akwai wasu magungunan tsinka jini na ƙwaya da za a iya murƙushewa.