Amsa: In sayar da Corolla in sayi motar lantarki?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ka rabu da Corollarka saboda tsadar mai tun da aka cire tallafi a Mayun 2023. Ni dai na ce tsaya tukuna.

Gaskiya motar lantarki tana da sauƙin riƙo. Babu juye, babu fulogi, birki ma ya kan daɗe domin tana rage gudu da injinta, ta mayar da wutar cikin batir. Ƙaramar mota tana cin kilowat-awa (wato yunit ɗin wuta na mita) 15 zuwa 20 a kilomita 100, wanda ko a Band A, rukunin masu biyan kuɗin wuta mafi tsada, bai kai kuɗin fetur ba.

Amma a ina za ka yi caji? In da janareto ne, ai an gudu ba a tsira ba. Ga zafin Afrilu da ke tsufar da batir, kuma batirin ne rabin ran motar. Bakaniken unguwarku kuwa bai taɓa buɗe irinta ba.

In zirga-zirgarka cikin gari ce kuma kana da sola mai ƙarfi, bismillah. In kana bin hanyar Kano zuwa Abuja, nemi mai haɗa batir da fetur, irin Prius.