Motar da ke tuƙa kanta: gaskiya ce, amma kada ka saki sitiyari

Assalamu alaikum. Wannan makon kusan duk saƙonnin da suka shigo kan mota suka tsaya, ba kan waya ba. Ban yi mamaki ba, domin motar yanzu kwamfuta ce mai taya huɗu. Na zaɓi guda biyar.

Tambaya: Malam, na ga bidiyon wata mota tana tafiya a titi, babu kowa a kujerar direba, sitiyari na juya kansa. Abokaina sun ce haɗin kwamfuta ne. Gaskiya ne ko siddabaru? Daga wani ɗalibi a Tudun Wada.

Amsa: Gaskiya ne, ƙanena. Kamfanin Google ya fara aikin a 2009, aka raɗa masa suna Waymo a 2016, kuma tun watan Oktoban 2020 jama'ar birnin Finiks da ke jihar Arizona ta Amurka suke kiran tasi marar direba ta waya. Daga baya aka kai San Faransisko da Los Anjelas. A ƙasar Sin ma kamfanin Baidu na da irinsu a birnin Wuhan. Ka dubi saurin abin: a 2004 ma'aikatar tsaron Amurka ta shirya tseren motoci marasa direba a cikin hamada, babu wadda ta kai ƙarshe, wadda ta fi nisa ba ta cika kilomita 12 ba. Da shekara ta zagayo, guda biyar suka kammala.

Idanu iri uku motar take da su. Kyamara ita ke gane launin danja da alamomin hanya. Na'urar rada tana aika igiyar rediyo ta dawo, da haka take auna nisan abin da ke gaba da gudunsa, ko da dare ko cikin hazo. Sai wadda ake kira laida, tulun nan da kake gani a kan rufin motar, mai harba hasken lesa sau dubbai a cikin daƙiƙa guda don zana siffar duk abin da ke kewaye. Kwamfuta ta haɗa bayanan, ta yi hasashen abin da kowa zai yi nan da 'yan daƙiƙu, sannan ta ba sitiyari da birki da totur umarni.

Abin da bidiyon bai nuna maka ba shi ne, kafin a saki motar sai da aka bi titunan ɗaya bayan ɗaya aka zana musu taswira ta musamman, har da tsayin gefen kwalta da inda kowace danja take. Wajen iyakar wannan taswira ba ta zuwa. Akwai kuma ma'aikata a ofis da take tuntuɓa idan ta rikice.

Tambaya: To yaushe za mu ga irinta a Kaduna? Daga wata malamar makaranta a Barnawa.

Amsa: Malama, ba nan kusa ba, kuma ba zan ɓoye miki ba. Mutane kan ce ramuka ne matsalar, ko rashin fenti a kan titi. Suna ciki, amma ana iya cike rami, ana iya shafa fenti. Babbar matsalar ita ce tuƙinmu ciniki ne tsakanin mutum da mutum.

Ki tsaya a Kawo da yamma ki lura. Mai Keke Napep zai fito da hannu ya ce ki ba shi hanya. Direban bas zai kalle ki ido cikin ido, daga kallon kin san ba zai tsaya ba. Wani zai haska miki fitila, wani lokacin yana nufin "wuce", wani lokacin yana nufin "ga ni nan, kauce", ke ce za ki gane wanne ne daga gudun motarsa. Danja ta nuna kore, amma jami'in KASTLEA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar Kaduna, ya ɗaga hannu, to hannun ake bi. Duk wannan harshe ne da muka koya tun muna yara ba tare da an rubuta shi ba. Motar da aka horar a kan titunan Arizona ba ta jin sa. Kuma an gina ta ne a kan ta tsaya idan ba ta da tabbas, don haka a shataletalen da ke cike da 'yan acaba sai ta wuni ba ta motsa ba.

Akwai wani hatsari da ya kamata mu sani. A watan Maris na 2018, a garin Tempe na Arizona, motar gwaji ta kamfanin Uber ta kaɗe wata mata da ke tura keke tana tsallaka titi da dare, ta rasu. Binciken hukuma ya nuna na'urorin sun hango ta fiye da daƙiƙa biyar kafin karon, amma kwamfutar ta yi ta sauya ra'ayi: mota ce, keke ne, wani abu ne daban. Ba a koya mata cewa mutum na iya tsallakawa a inda babu alamar tsallakawa ba. Matar da aka ajiye a kujerar direba don sa ido kuwa hankalinta na kan waya. Yanzu ki kawo mai kurar ruwa da jarkoki goma sha biyu, ko makiyayi da garken shanu a kan titin Nnamdi Azikiwe. Ga ƙurar hunturu da za ta lulluɓe gilashin na'urorin cikin yini ɗaya.

Idan har za ta shigo ƙasar nan, ina ganin ta wuraren da aka killace za ta fara, kamar ma'adanai da tashoshin jiragen ruwa. A ma'adanan ƙarfe na Ostareliya an daɗe ana amfani da manyan tifofi marasa direba.

Tambaya: Na sayi Camry samfurin 2018, tokumbo. Wani lokaci sai ta yi ta ƙara, sau biyu ma ta taka birki da kanta. Bakanikena ya ce a cire wayar na'urar da ke sa ta yin haka kawai a huta. In yarda? Daga wani ɗan kasuwa a Unguwan Rimi.

Amsa: Alhaji, don Allah kada ka yarda. Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, domin fasahar da muke kallo a bidiyo muna mamaki, gutsurenta ya riga ya iso garejinmu, mu kuma muna yanke masa waya.

Motarka tana ɗauke da tsarin da Toyota ke kira Safety Sense. Bayan tambarin nan na gaba akwai rada, a saman gilashin gaba kusa da madubi akwai kyamara. Idan suka ga za ka daki abin da ke gabanka, sai su yi gargaɗi, idan ba ka taka ba su taka maka. Cibiyar binciken haɗurra ta kamfanonin inshora a Amurka ta gano irin wannan birki na rage karo ta baya da kusan rabi. Abu ne mai ceton rai.

Me ya sa take yi ba gaira ba dalili? Da yawa daga cikin tokumbon da ake kawo mana motocin hatsari ne, kuma gaba suka daka. Ana gyara bamba, a yi fenti ya yi ƙyalli, amma radar ta karkace. Na taɓa leƙa wata Corolla a wani gareji, na tarar an ɗaure radar da wayar ƙarfe tana kallon gefe, an kuma sa tambarin da ba nata ba. Karkacewar da ido ba zai lura da ita ba, idan aka kai mita ɗari ta zama faɗin layi guda. Sai motar ta ɗauki wanda ke gefenka a matsayin wanda ke gabanka. Haka idan an canza gilashin gaba ba a sake saita kyamarar ba, ko an ɗaura ƙarfen kariya a gaban tambarin, ko an manna sitika a wurin.

Fara da goge tambarin da saman gilashin, musamman lokacin hazo. Idan ba ta daina ba, ka nemi mai na'urar binciken mota. A ƙarƙashin sitiyari akwai wata kafa da ake kira OBD, duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka tun 1996 tana da ita. Nan zai jona, motar ta faɗi abin da ke damunta. Ka tambaye shi kai tsaye ko yana iya saita rada da kyamara, domin ba kowane mai na'ura ne ya iya ba, wani goge fitilar gargaɗin kawai zai yi. A allon da ke gabanka kuma kana iya rage saurin gargaɗin, kana iya kashe ƙarar kauce wa layi idan kana cikin gari. Birkin gaggawan dai ka bar shi a kunne.

Tambaya: Motata tana riƙe gudu da tazara da kanta. Idan na hau hanyar Zariya, zan iya sakin jiki in duba waya? Daga wani ma'aikaci a Malali.

Amsa: A'a, ɗan'uwa, ko na daƙiƙa biyar. Injiniyoyi sun kasa fasahar mota mai tuƙa kanta mataki shida, daga 0 zuwa 5. Taka ba ta wuce mataki na 2 ba, wato tana taimaka maka ne, alhakin na wuyanka. Har tsarin Autopilot na motocin Tesla a nan yake, duk da cewa sunansa na nufin tuƙi da kai. Mataki na 3, inda doka ta yarda direba ya ɗauke ido, Jamus ta amince wa Mercedes da shi a ƙarshen 2021, a kan manyan hanyoyi kawai, cikin cunkoso, gudun da bai wuce kilomita 60 a awa ba.

Kuma ga abin da littafin motarka da kansa ya yi gargaɗi a kai: idan kana gudu, tsarin na iya kasa gane abin da ke tsaye cak. Tirelar da ta lalace a tsakiyar titi da dare, babu fitila, sai ganyen da aka zuba a bayanta, kai ne ka san ma'anar ganyen, motar ba ta sani ba.

Tambaya: Shekara ashirin ina lodi daga tashar Kawo zuwa Kano. Wannan abu zai raba mu da abincinmu? Daga wani direba.

Amsa: Baba, kwantar da hankalinka. Ko a can abin bai zo da sauƙi ba. Kamfanin General Motors ya zuba sama da dala biliyan 10 a reshensa na tasi marar direba mai suna Cruise, amma bayan wata motarsa ta ja wata mata a ƙasa a San Faransisko a watan Oktoban 2023, aka dakatar da lasisinsa, a ƙarshen 2024 kuma ya janye daga harkar tasin. Abin da zai taɓa sana'arka da wuri shi ne na'urar bin sawu da masu motoci ke sawa, da fasinjan da ke biya ta waya, da sauya inji zuwa iskar gas tun bayan cire tallafin mai a 2023. Idan kana da yaro mai koyon kanikanci a Panteka, ka sa shi ya haɗa da koyon na'urar binciken mota da aikin wayoyinta, domin masu irin Camry ɗin Alhajin can suna ta ƙaruwa a garin nan, masu iya saita musu ita kuwa kaɗan ne.